Hular Awa Ɗaya da Gudun Hannun Mai Saƙa



Sharhinmu na yau a kan zare ne da kwarashi. Na san wasu maza har sun kai hannu za su murɗa tasha, suna cewa wannan ai hirar mata ce. Malam, dakata tukuna. Hular da ke kanka ma za ta shigo zancen, kuma akwai maganar kuɗi a gaba, wadda ban taɓa ganin ta gunduri kowa ba.

Duk wadda ta taɓa neman koyon saƙa a YouTube ko TikTok ta ci karo da irin bidiyon nan. Wata baiwar Allah a Amurka ko Kanada ta zauna da dunƙulen zare a cinya, ta ce yau za ta koya miki hular sanyi da za ki gama cikin awa ɗaya, ko da ba ki taɓa riƙe kwarashi ba. Yarinya ta ji daɗi, ta aika a sayo mata ulu, ta zauna. Kwana uku ba ta kai rabin hula ba. Daga nan sai ta yanke ɗaya cikin hukunci biyu: ko dai matar nan maƙaryaciya ce, ko kuma ita ce Allah bai ba hannun sana'a ba. Duka biyun kuskure ne. Awa ɗayar nan gaskiya ce, ana yi. Sai dai yawancin saurin a jikin zaren yake, abin da ke hannun matar kaɗan ne.

Bari mu fara da yadda ake yin hular, don wanda bai san aikin ba ya ga inda lokaci yake tafiya. Kwarashi ɗan ƙarfe ne ko roba, tsawonsa kusan na biro, da 'yar ƙugiya a bakinsa. Da ƙugiyar ake jawo zare ta cikin ido, ido ya haifi wani ido. In suka jeru sai su zama sarƙa, kuma a kanta ake hawa. In kika soka kwarashi, kika jawo zare, kika rufe nan take, kin yi gajeren ɗauri. In kuwa kika fara naɗa zaren sau ɗaya a jikin kwarashin kafin ki soka, sannan kika rufe a hawa biyu, kin yi dogon ɗauri, wanda tsayinsa ya kai ninkin gajeren. Akwai kuma matsakaici a tsakaninsu. Wadda ta iya waɗannan ukun da sarƙa, ta mallaki duk abin da hula take bukata.

Hanyar yin ta biyu ce. Ta farko ita ce ta ragwaye, ba kuma zagi nake ba, ita nake so a fara ɗora yarinya a kai. Ki saƙa shimfiɗaɗɗen ƙyalle mai kusurwa huɗu, faɗinsa daidai tsayin hular, tsawonsa ya kusa zagaye kai. Ki haɗa bakin nan biyu ki ɗinke da allura. Ki zura zare ta gefen da zai zama sama, ki zuge shi tamau, ki ɗaura tuntu ya rufe ƙullin. Shi ke nan, an yi hula. Ba ƙari, ba ragi, ƙirgen ma na layin farko ne kawai, sai ki riƙa dubawa kada ya zube. In kina soka kwarashin ta bayan ido kaɗai, saƙar za ta fito da layuka masu tudu da kwari, ta riƙa miƙewa tana komawa, ta kama kai da kyau ko da awonki ya ɗan kuskure.

Hanya ta biyu daga tsakiyar kai take farawa. Ki yi ɗan zobe da zare, ki zuba dogon ɗauri 12 a cikinsa. A zagaye na biyu kowane ido ya samu biyu, sun zama 24. Na uku 36, na huɗu 48, kowane zagaye da ƙarin 12, faifan yana ta buɗewa a shimfiɗe. To, yaushe za a tsaya? Nan ne lissafin da aka yi ta dukan mu a kansa a firamare yake biyan bashi. Ki auna kan mai hular da tef ɗin tela, ki raba abin da kika samu da uku da ɗan ɗoriya, wato 3.14. Kan babban mutum yakan kama daga santimita 55 zuwa 58, don haka faifan ya tsaya a wajen 17, ko ƙasa da haka kaɗan tunda saƙa tana miƙewa. Kan jariri sabon haihuwa yakan kasance 33 zuwa 35, nasa faifan 10 zuwa 11. Daga nan a daina ƙari, a yi ta zagayawa da adadi guda. Gefen zai lanƙwaso ƙasa da kansa, ba wanda ya sa shi. Duk wadda ta fara ganin wannan da idonta sai ta yi murmushi, don a wannan lokacin ne abin da take juyawa a hannu yake fara kama da hula.

Yanzu mu koma ga matar bidiyo. Ku dubi zarenta da kyau. Kaurinsa ya kai na fensir, kwarashinta kuwa mai milimita 9 ne ko 10. Da irin wannan kayan aiki, ido 40 ya isa ya zagaye kan babba, layi 12 ko 13 sun isa tsayi. In aka tara, ɗauri 500 ne da 'yan kai. Ko ɗauri 10 kacal take yi a minti ɗaya, kafin awa ta cika ta fara ɗaure tuntu. Ke kuma kin je Sabon Gari ko babbar kasuwar garinku, kin sayo ulun da aka fi samu, siririn nan da ake yi wa jarirai kaya, da kwarashi mai milimita 3. Kafin ki zagaye kan nan dai sai kin zuba ido sama da 100, kafin ki sauko kunne sai kin yi layi 35 ko 40. Ɗauri 4,000 ke nan. Ita 500, ke 4,000, sannan kina tuhumar hannunki.

Abin da mutane ba sa lura da shi shi ne, in kaurin zare ya ragu da rabi, aikin ninki huɗu yake yi, domin idon ya ƙanƙance a faɗi, ya kuma ƙanƙance a tsayi. Ku tambayi kowane magini. Katangar da ya tayar cikin yini da manyan bulo mai inci tara, in aka ce ya maimaita ta da ƙananan jan bulo, sai ya nemi a sake ciniki. Ku haɗa da cewa hannun matar nan ya shekara da shekaru yana wannan aiki, kuma wanda ya gyara bidiyon ya yanke inda ta tsaya ƙirge, ya hanzarta inda take maimaita abu ɗaya.

Saurin kuma ba kyauta ba ne. Zare mai kauri yana da tsada, dunƙule guda ba ya zuwa ko'ina. Hular takan fito da nauyi, kuma in an yi ta da dogon ɗauri da babban kwarashi, ramukan da ke tsakani sukan bar iska ta shiga. An tsara ta ne don ƙasar da ƙanƙara ke zuba wata huɗu a jere. Mu sanyinmu na asuba ne da dare. Ko a Jos, ko a Zariya, ko a Damagaram cikin tsakiyar hunturu, da hantsi ya ɗaga yaro ya fara neman cire abin da ke kansa. Dabarar da ta fi dacewa da kasuwarmu da yanayinmu ita ce a haɗa silin ulu biyu ko uku a saƙa su tare da kwarashi mai milimita 5 ko 6. Aikin ya ragu sosai, ba a sayi zaren waje ba, in kuma launukan sun bambanta sai hular ta fito da rodi-rodi mai kyau. Wani tarkon da masu koyo ta waya ke faɗawa: Amurkawa da mutanen Ingila suna kiran ɗauri biyu daban da suna ɗaya. Abin da na Amurka ke nufi da dogo, na Ingila gajere yake nufi. Ki lura da hannun mai koyarwa, kada ki dogara da bakinta kawai.

Na ji dattawan mata suna kushe wannan hular gaggawa. Su ce yaran yanzu ba haƙuri, komai sai sun gama yau-yau, ai sauri ya haifi nawa. Da girmamawa, a nan ban bi bayan iyayenmu ba. Abin da ya fi kashe wa mai koyo gwiwa shi ne a ɗora ta a kan aikin da ba ta hango ƙarshensa. Gidaje nawa ne ke da rabin shawul ɗin jariri a ƙasan akwati, wanda aka fara tun mai shi tana da ciki wata biyar, yanzu yaron yana aji uku? Hula kuwa ƙarama ce. A fara ta bayan la'asar, a ga ƙarshenta gobe ko jibi, ƙane ya sa ya fita waje, maƙwabciya ta ce wa ya yi wannan. Wannan tambayar ta maƙwabciya ita ke sa yarinya ta sake ɗaukar kwarashi.

Kuma kwarashi yana da afuwa irin wadda saƙar tsinke biyu ba ta da ita. A saƙar tsinke, idanu da yawa ne jere a kan tsinken, duk a buɗe, in ɗaya ya suɓuce sai ya tsere ƙasa ya bar tsani. A kwarashi ido ɗaya ne tak a buɗe. In kuskure ya faru, ki zare ƙarfen, ki ja zaren, ya warware zuwa daidai inda kike so, ki ci gaba. In jariri ya yi kuka ko tuwo ya nemi a tuƙa, ki ja idon ya yi tsawo ki ajiye, ba abin da zai same shi. Shi ya sa aikin ya dace da ranar macen aure, wadda ba ta samun awa ɗaya cur sai gutsure-gutsuren mintoci.

Abin da hular farko take koyarwa a zahiri shi ne riƙon zare. Sabon hannu yakan matse, don tsoro. Idanun su fito ƙanana da tauri har kwarashi ya ƙi shiga, kafaɗa ta ƙage, yatsa ya yi ja. Da aka saki jiki zuwa tsakiyar aiki sai idanun su buɗe, hular ta fito gefe guda a tsuke, gefe guda a sake. Ba wanda zai iya gaya miki yawan ƙarfin da za ki ja zaren da shi, sai yatsun sun gano da kansu. Ranar da kika ga kina hira, idonki na kan mai magana, hannun kuma yana tafiya, to saurin ya zo. Amma shi ma yana da iyaka. Gwanar gwanaye ɗauri ɗaya take yi a lokaci ɗaya, ba ta da hanyar yin biyu.

Kafin in wuce, bari in tsaya a kan hular jariri, domin ita ce aka fi saƙawa a gidajenmu, kuma ba ado ba ce kawai. Kan jariri babba ne in aka gwada da sauran jikinsa, ta nan ɗumi mai yawa yake fita, shi kuwa bai iya riƙe ɗumin jikinsa kamar babba ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce zafin jikin sabon haihuwa ya kamata ya tsaya tsakanin digiri 36.5 da 37.5, ƙasa da haka sanyi ya kama shi, kuma hakan na faruwa har a ƙasashe masu zafi irin namu. Ga bakwaini abin ya fi tsanani. A 1978, a birnin Bogota na ƙasar Kolombiya, wani likita mai suna Edgar Rey ya rasa isassun kwalaben renon bakwaini, sai ya koma ɗora jariran a ƙirjin iyayensu, fata da fata, a lulluɓe su tare. Wannan dabara ta bazu duniya, ana yin ta a asibitocinmu yau. Jaririn ba ya sa komai sai kunzugu, da safa, da hula. Ƙananan hulunan da za su zauna a kan bakwaini kuwa ba kasafai ake samun su a kasuwa ba, sai mai kwarashi ta auna ta yi.

Amma a kiyaye. Kada a sa wa hular jariri igiyar ɗaurewa a wuya, kada a ɗinka mata duwatsu ko maɓalli da zai iya cirewa ya haɗiye. Ta zauna daidai kai, kada ta zamo ta rufe hanci. In ɗaki ya yi ɗumi jariri yana gumi, a cire. Sai kuma babban haɗarin: abin da muke kira ulu a kasuwa, galibinsa ba gashin tunkiya ba ne. Zaren roba ne da ake yi daga sinadaran man fetur, wanda ya shigo kasuwannin duniya tun wajajen 1950. Yana da araha, yana wankuwa, ba ya sakin launi. Amma in ya taɓa wuta narkewa yake yi ya manne a fata. Ɗakin mai jego cikin hunturu kuwa kun san ba ya rabuwa da kaskon wuta. A nesanta kayan saƙa da garwashi, ko na turaren wuta ne.

To, me ya sa har yau hannu ne ke wannan aiki, alhali inji ya cinye kusan kowace sana'ar zare? Saƙar tsinke ta daɗe da faɗawa hannun inji. Tun 1589 wani malamin coci a Ingila, William Lee, mutumin ƙauyen Calverton kusa da Nottingham, ya ƙera injin saƙa safa. Zuriyar wannan inji ce ta yi ta bunƙasa, har a 1811 masaƙan yankin Nottingham suka fara bin dare suna farfasa injuna, saboda masu jari suna amfani da su wajen fitar da kaya marasa inganci da karya ladan ma'aikaci. A 1812 majalisar Ingila ta mayar da fasa injin saƙa laifin kisa, kuma an rataye mutane a rikicin. Injin saƙar da matanmu ke turawa hagu da dama a ɗaki, suna fitar da rigar sanyin jariri, jikan wancan ne. Tura guda, layi guda.

Kwarashi ya ƙi yarda. Dalili kuwa, kowane ɗauri sai an nemi idon da za a soka, an karkata ƙugiya, an naɗo, an jawo, an rufe, kafin a matsa gaba, kuma ana iya sokawa ta gaba, ta baya, ko ta ƙasa. Har yau babu masana'antar da ke da injin da yake yin wannan yadda hannu ke yi. Abin da kamfanoni ke fitarwa mai kama da shi kwaikwayo ne da injin saƙa. Ke nan duk jaka, ko riga, ko hular kwarashi ta gaske da kuka gani a rataye a kanti, a Landan ne ko a Kantin Kwari, wani ɗan Adam ne ya zauna ya yi ta ɗauri bayan ɗauri. In kuka ga tana da arha ƙwarai, to a lokacin wannan mutumin aka yi rangwamen.

Sana'ar ba ta tsufa kamar yadda ake zato ba. Bayanin koyar da ita na farko da aka sani a buge ya fito ne a 1823, a wata mujallar mata ta ƙasar Holan mai suna Penélopé. Ta yi ƙarfi ne da yunwa. Lokacin da cuta ta lalata dankalin ƙasar Ayalan daga 1845, mutane wajen miliyan ɗaya suka mutu, matan coci da masu taimako suka riƙa koya wa mata da yara saƙa leshi da siririn zare da kwarashi, ana kai wa masu kuɗi a Ingila da Amurka. Iyalai da dama da wannan suka ci abinci, wasu da shi suka tara kuɗin jirgin ruwa suka yi hijira. Ya samu kasuwa ne don ya fi leshin allura saurin yi, saboda haka ya fi shi araha. Kun ga tun asali da sunan sauri da arha aka tallata shi, sunan kuma ya bi shi har yau. Ko da Sarauniya Biktoriya ta ɗauki kwarashi da kanta, tana da shekara sama da 80, ta saƙa mayafan wuya guda 8 a 1900 aka raba wa zaɓaɓɓun sojojin da ke yaƙi a Afirka ta Kudu, darajar ta tsaya a kan mayafan ne, ba ta gangaro kan talakan da ke yin aikin don abinci ba.

Mu kuwa ba baƙi ba ne a sanin cewa zare yana cin lokaci. Kakanninmu mata sun gurje auduga, sun shiɓe ta, sun zauna da mazari da alli a yatsa suna kaɗi, wannan abawa, wannan arafiya, kuma kowa ya san siririn ya fi tsada don ya fi cin rai. Sai mata da yawa sun yi kaɗi kafin masaƙi ɗaya ya samu abin da zai ɗora. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya iso Kano a 1851, ya rubuta yadda tufafin da aka saƙa aka rina a ƙasar Kano suke kaiwa har Timbuktu da Tarabulus. Duk wannan fatauci a kan yatsun matan da ke juya mazari a tsakar gida ya tsaya.

Ga kuma hularka, Malam, da na yi maka alkawari. In ka je sayen Zanna Bukar ko kube, me kake yi? Ka ɗaga ta, ka kai ta kusa da ido, ka juya cikinta, kana duba ƙanƙantar ɗinkin. In ɗinkin manya ne ka ce wannan ta gaggawa ce, ka taya da arha. In ƙanana ne a cushe ka san ta ci makonni, wata ma fiye da wata guda, ka buɗe bakin aljihu ba gardama. Mutanen Bama da rikicin Boko Haram ya kora zuwa Maiduguri a 2014, da yawansu, mata da 'yan mata, da allura da zaren hula suka riƙe kansu a sansanoni, don kasuwa ta san darajar aikin garinsu. Ashe dai mun iya karanta lokaci a jikin zare. Mun san ƙaramin ido yana nufin dogon zama.

To me ya sa wannan ilimi yake ɓacewa in aka zo kan kayan kwarashi? Ku saurari cinikin da ake yi a cikin gida. Mace ta kawo saitin jariri, hula da safa da riga, ta faɗi kuɗi. Sai ka ji an ce, "Haba Yaya, ulun nawa ne duka-duka? Ai ba zai wuce dunƙule uku ba." Ita kuma ta sunkuyar da kai ta ce, "To Hajiya, ki ba da abin da ya sauwaƙa." An lissafa zare, an lissafa maɓalli, har ledar da aka saka kayan an lissafa. Zaman ne kawai ba a lissafa ba, wai ai tana zaune ne dama, ba abin da take yi. Wuyan hannun da ke mata zugi da dare, da idon da ta ƙure a hasken tocilan waya ranar da ba wuta, da bayan da ya ƙage, duk sun tafi sadaka.

Mu ɗan yi lissafi. A 2024 gwamnatin Najeriya ta tsayar da mafi ƙarancin albashi a naira 70,000 a wata. In aka raba shi da kwanakin aiki 22, awa 8 kowace rana, awa ɗaya ta kama naira 400 ko kusa da haka. Wannan shi ne ladan wanda bai koyi komai ba, ranar da ya fara aiki. A ce saitin nan ya ci mata awa 15, in an tattara gutsattsarin zaman da ta yi masa. Ladan hannu kaɗai naira 6,000 ke nan, ba a sa kuɗin ulu ba, ba a sa kuɗin motar zuwa kasuwa ba. Mata nawa ne a unguwarku ke iya buɗe baki su faɗi haka ba tare da an yi musu dariya ba?

Na san amsar mai saye, kuma tana da ƙarfi. Zai ce ga hular sanyi can a gwanjo, ga ta Sin can a tire, da kuɗin da bai kai na kwanon shinkafa ba, me zai sa ya biya ninkinsa? Gaskiya ne, kuma ba zan ce wa mai ƙaramin ƙarfi ya bar araha don tausayi ba. Waɗancan inji ya yi su cikin mintoci, hannu ba zai taɓa kamo su a farashi ba. Wadda ta shiga tsere da su a kan arha ta faɗi tun kafin ta ɗaura zare. Inda hannu yake da iko shi ne inda inji ba ya zuwa: hular da aka auna kan bakwaini aka yi, launin da ya dace da atamfar suna, sunan yaro a jikin shawul, gyaran abin da ya yage, jakar da ba wadda ke da irinta a wurin biki. A nan mai saye ba shi da tiren da zai nuna ya ce ga ta can da arha.

Saboda haka ina da roƙo ga malaman da ke koyar da saƙa a cibiyoyin mata da makarantun koyon sana'a. Ranar da kuka ba ɗaliba kwarashi, ku haɗa mata da ɗan littafi. Duk sa'ad da ta ɗauki aiki ta rubuta lokaci, in ta ajiye ta rubuta, in ta gama ta tara. Bayan abu biyar ko shida za ta san gudun hannunta, ba na matar bidiyo ba. Wata za ta gano cewa rigar sanyi da hannu asara ce gare ta, hula da safa ne ke biya. Wata ta gane gara ta fitar da jikin rigar a inji, ta bi bakinsa da wuyansa da kwarashi, a samu kyau a rage zama. Wata kuma ta ga cewa haɗa sili uku ya rage mata rabin lokaci, ƙarin ulun da ya ci bai kai ladan awannin da ta tsira da su ba. Wadda ke karɓar aikin suna ta san kwana nawa za ta ce a dawo, ba ta ce jibi ba, ta kwana biyu ba barci, ranar suna kuma a zo a tarar safa ɗaya ce ta gamu.